Dada Yelwa Ta Je Neman Darbejiya a Kuala Lumpur

Hansai ce ta fara ba ni labarin Dada Yelwa. Hansai maƙwabciyata ce a Limawa, katanga ɗaya ta raba mu, kuma kullum da safe takan je bakin tafkin Njuwa sarin alayyafo ta kawo kasuwar Jimeta. Ran nan ta dawo a makare, ta ajiye kwando, ta ce mini matar da take sarin ganye a lambunta ta dawo daga wata ƙasa wai ita Maleshiya, mata sun bar ban ruwa sun kewaye ta tun safe, ana dariya har wata ta zauna daɓas cikin fangalin albasa. Daga baya na je da ƙafata na ji daga bakinta. Abin da na ji ke nan, in na rage wani abu Allah Ya yafe mini.

A cikin garin Yola aka haifi Yelwa, gidan malamai, amma ita ba ta yi nisa a allo ba, iyakarta abin da za ta yi salla da shi. Fulatanci ta fara ji kafin Hausa. Ta auri Bappa Hamman, manomin shinkafa a Njuwa, suka haifi 'ya'ya huɗu, sai ya kwanta ciwon 'yan kwanaki Allah Ya karɓi abinsa. Da ta fita takaba ta ɗaura zani ta karɓi lambun da hannunta. Alayyafo, yakuwa, albasa, kuɓewa, da su ta yi rainon yaran har suka zama mutane.

Amma ba lambun ne ya sa aka san ta ba, wankan jego ne. A wurin goggonta ta koya. In mace ta haihu, daga Yola har Mbamba, Musulma ko Kirista, ita ake kira. Za ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya ɗanye, ta tsoma reshe ta riƙa fyaɗa wa mai jego, safe da yamma, kwana arba'in. Kuka ba ya sa ta sassauta hannu. Ta ce duk macen da ba a yi wa haka ba sanyi ya shiga ƙashinta ke nan, sai ta tsufa ya fito mata a gwiwa. Kuma ba ta yarda da ganyen tsamiya ba, ba ta yarda da na mangwaro ba. Darbejiya kawai.

To, 'yarta ta fari sunanta Nahla, amma ba za ka ji wannan suna a bakinta ba, kunyar ɗan fari ce ta mutanen Yola. "Waccan" take ce mata. Ba ta taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, ba ta taɓa yaba mata ba ko ranar da ta gama makaranta. Abu ɗaya ne al'ada ta bar wa uwa ta yi wa 'yar fari da hannunta ba a ce ta yi rashin kunya ba, shi ne wannan wankan. Shi Dada Yelwa take jira tun ranar da aka kai Nahla ɗakin miji.

Mijin, Umair, malamin makaranta ne ɗan Mbamba. Aka tura shi ƙarin karatu Kuala Lumpur, babban birnin Maleshiya, ya tafi da matarsa. Shekara biyar da aure shiru, sai a can Allah Ya ba da ciki. Likita ya ce kada ta hau jirgi, haihuwar gida babu ita. Sai aka ce uwar ta je, wata uku.

Matar da iyakar tafiyarta Mubi, ita ma ta'aziyya ce ta kai ta. Ta haɗa garin gero, kanwa, citta, daddawa, ta ɗaure damin darbejiya. Sai saƙo ya zo daga Umair ta bakin matarsa cewa ba a shiga ƙasar da ganye. Ta kwance damin ba ta ko damu ba. Ta ce wace ƙasa ce Allah Ya yi babu darbejiya, bishiyar da ke fitowa ko a bayan masai ba wanda ya shuka.

A jirgi ba ta ci ba, ba ta sha ba, carbi kawai take ja har aka sauka. Nahla da Umair suka tarbe ta, aka shiga tasi, Umair a gaba, uwa da 'ya a baya. Ana dab da shiga gari motoci suka tsaya cik. Direba ya daki sitiyari ya ce, "Jam. Jam."

Dada Yelwa ta ɗago kai. A Yola in ka gai da mutum ka ce "Jam na?", wato lafiya, sai ya amsa "Jam." Ta dubi ƙeyar direban nan, ta ce a ranta ikon Allah, ashe Fulani sun kawo shanu har nan. Ta gyara zama ta amsa masa cikin ladabi, "Jam, alhamdu lillahi. Ya mutanen gida?"

Kafaɗar Umair ta fara rawa. Nahla ta buɗe baki za ta gaya mata cewa a wannan gari jam gosulo ne, cunkoson motoci, sai ta ga fuskar uwarta ta saki karo na farko tun saukarta, har ta sassauta carbin. Nahla ta rufe bakinta, ta zunguri kujerar mijin da gwiwa. Shi kuwa dama ina zai iya yi mata gyara. Suruki ne, gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ita ma daga nesa a durƙushe.

Gidan yana hawa na goma sha bakwai. Dada Yelwa ta leƙa ta taga ta ga gari kore shar, benaye kamar an dasa su, ga wasu biyu iri ɗaya sun fi kowa tsawo suna ƙyalli. Ruwan sama kuwa kullum bayan Azahar, kamar an ɗauke shi aiki. Washegari ta sauka ta zagaye duk itatuwan harabar, ta tsinki ganyen kowanne ta tauna. Babu mai ɗacin da take nema. Saura sati shida a haihu.

Nahla ta ce ta haƙura, ai akwai famfon ruwan zafi a banɗaki, ya isa.

"Ruwan zafi ko kaza ana yi mata," in ji Dada Yelwa.

Tambayar suruki inda ake samun ganyen wankan jego kuwa, gara ƙasa ta tsage. Sai ta ce da ƙafarta za ta nema. Nahla ta rataya mata waya a wuya, ta rubuta mata takarda biyu, ɗaya ta gida ɗaya ta asibitin da take awo, ta ɗaura wa ta asibitin jan zare, duka aka ƙulle a bakin zani. Ta raka ta tashar jirgin ƙasa sau biyu, a na uku Dada ta ce ta koma ta zauna da cikinta.

Ba ta iya karanta sunan tasha ba, sai ta mai da carbi ma'auni. Jirgi ya tsaya, ta ja ƙwaya ɗaya. Kasuwar kifi ƙwaya biyar, babban masallaci ƙwaya bakwai. Ta samu taragon da mata zalla ke shiga, ta ce waɗannan mutane suna da tarbiyya. Ta hau wanda ke gudu a saman gidaje, ta ga shanyar mutane da tukwanensu ta taga. Wanda ke bi ta ƙarƙashin ƙasa ne ta ƙi. Ta ce sau ɗaya za a shiga da ita ƙasa, kuma lokacin bai yi ba.

Ta ga abubuwa. Kifi da ransa yana iyo a roba ana ciniki. Wani ɗan itace mai ƙaya da in an fasa shi sai ka ce masai ya ɓalle a shagon mai turare, mutane kuma na layi a kansa. Shinkafa da sassafe an dafa ta da kwakwa, sukari har cikin miya. Ita dai ba ta tsayawa, wurin masu ganye take nufa, ta tsinka ta tauna ta girgiza kai. Matan kasuwa suka saba da ita, suna ganinta sai su miƙo mata sabon ganye su tsaya kallon fuskarta. "Makcik" suke ce mata, ita kuma "mai ciki" take ji. Ta yi ta nuna musu da hannu cewa ba ita ba ce, ta wuce nan, waccan ce a gida. Da Nahla ta gaya mata ma'anarsa goggo, ta ce to su riƙa faɗa da kyau.

Gaisuwarta kuwa ba ta fasa ba. A bas ta ce wa na kusa da ita "Jam na?", ya leƙa taga ya yi tsaki ya ce "Jam." A masallaci, cikin mata masu fararen lulluɓi har ƙasa, an sallame salla ta juya dama da hagu ta bi su da ita. Mai gadin gidansu kuma, da yake a yarensu agogo ma jam ne, duk ta gaishe shi sai ya miƙo mata tsintsiyar hannu. Ta dawo ta gaya wa Nahla mutanen garin nan akwai haƙuri, fuska a murtuke amma bakinsu bai daina cewa lafiya ba. Sai dai mai gadin nan da son a sani yake, ta yaba agogon har sau uku bai daina nuna mata ba. Nahla ta shiga ɗaki ta cusa fuska cikin matashi.

Wata rana tana ƙirga tasha sai hannu ya koma aikin da ya saba, ta zarce da Subhanallahi. Ko da ta ɗago, tarago ya zama wayam, jirgi ya kai ƙarshen hanyarsa, ga ruwa shimfiɗe ba a ganin ƙetarensa, ga jirage a kai kowanne ya yi unguwa guda. Ta tsaya ta kalla ta more, ta ce ashe Njuwa kwano ce. Ta kwance takardar gida ta nuna wa wata mata aka sa ta a na dawowa.

A sati na biyar ta gan shi. Wata kasuwa ce ta bayan layi, ga shi an ɗaɗɗaure a faranti, ganye siri-siri a jere a jikin tsinke, shi ne sak. Ranar Alhamis ce tana azumi, ba halin taunawa. Ta kwaso rungume guda ta taho gida da sauri, ta ɗora tukunya don gwaji. Ruwa na tafasa gida ya ɗauki ƙamshi. Nahla ta fito tana jan ƙafa, ta leƙa tukunya, ta dafa bango.

"Dada, wanka za ki yi mini ko miya? Ganyen kori ne wannan."

Sai ga Umair ya dawo daga makaranta, tun daga ƙofa yana tambayar matarsa yau me aka dafa haka mai daɗi.

Su suka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta shiga ɗaki ta zauna kan dardumar salla. Saura kwana goma. Ta tuna 'ya'yan mutane da ta wanke, waɗanda ba ta ma iya tuna sunansu, ga tata guda ɗaya za ta haihu a saman bene a ƙasar da ba kowa nata, a yi mata wankan famfo. Ta ɗaga hannu ta ce ya Allah Kai Ka halicci bishiyar nan, Ka san inda Ka ajiye ta a garin nan, Ka nuna mini.

Da safe ta fito zubar da dafaffen ganyen, ta ci karo da matar da ke share benen, Ba'indiya ce mai ɗigo a goshi. Matar ta leƙa bokiti ta kama dariya. Dada Yelwa ta ajiye bokitin ta shiga yi mata bayani da jiki: ta zana ciki, ta rungume jariri, ta fyaɗa wa bayanta reshe, sannan ta tauna iska ta yamutsa fuska. Matar ta daina dariya. Ita ma ta tauna iska ta yamutsa fuska, irin yamutsawar da darbejiya kaɗai ke sa mutum. Aka kira Nahla ta yi tafinta da Turanci. Ashe ganyen a unguwar Indiyawa yake, wurin masu sayar da furanni a ƙofar ɗakin bautarsu, bayan babbar tasha. Ƙwaya tara.

Ba ta samu zuwa ba sai bayan kwana biyu, don ruwa ya hana fita. Ranar Nahla ta tashi da ciwon baya ta ɓoye. Dada ta isa unguwar da hantsi. Kiɗa ta ko'ina, zannuwa masu launi, hayaƙin turare, ga ginin bautar an jera gumaka a kansa hawa-hawa har sama. Ta yi a'uziyya ta tsaya a tsallaken titi, ta ce ba da ita ba. Sai idonta ya faɗa kan rumfar mai furanni. A tsakanin furannin da aka shirya kamar sarƙar wuya, ga wasu ƙulle-ƙullen ganye suna lilo. Ta yi bisimilla ta tsallaka, idonta a ƙasa, ta tsinki ɗaya ta tauna. Ɗaci ya kama ta daga harshe har cikin kunne. Ta ce mini da ba don ƙasar mutane ba ce da ta rangaɗa guɗa. Ta kwashe duk na rataye, mai rumfar ya nuna mata bishiyar a bayan gini, ƙatuwa, ta ishi jegon mata goma. Ta ɗaure dami a tsohon zani, ta yi gammo ta ɗora a ka.

Wayar wuyanta ta yi ƙara. Muryar Umair ce, abin da bai taɓa yi ba. Ya gaishe ta, ta amsa, ya tambayi gajiya, ta amsa, ya tambayi rana, sai da aka gama duka sannan ya ce suna asibiti, jikin nata ya motsa, tana kiran Dada. Ya ce ta hau jirgi ya fi sauri.

Ita kuwa ba ta san ƙwaya nawa ce zuwa asibiti ba, ga dami ya fi ƙofar tarago faɗi. Ta nufi masu tasi, ta kwance takarda mai jan zare ta nuna wa wani dattijo. Ya karanta, ya nuna titi, ya girgiza kai ya ce, "Jam." Don ta tabbatar ta sake tambaya, "Jam na?" Ya ce, "Jam, jam," yana nuna mata jirgin da ke wucewa a sama. Ta ce alhamdu lillahi, hanya lafiya, har ta fi jirgi. Ta cusa dami a baya ta shige ta zauna. Dattijo ya dube ta, ya ɗaga kafaɗa, ya ta da mota.

Ba su yi nisa ba suka tsaya. Ruwa ya sauko. Aka kira Azahar a wani masallaci tana ji, mota ta matsa taku uku ta sake tsayawa. Duk ta taɓa kafaɗar kujera sai direba ya ce jam. Tun tana amsawa har ta daina.

"Bawan Allah, wane irin jam ne wannan? Mota ba ta tafiya, 'yata na can tana kirana, kai kana ce mini jam."

Waya ta sake ƙara. Umair ya tambayi inda take. Ta ce ga su a tsaye tun ɗazu, amma direba ya ce lafiya lau.

"Dada, ki gafarce ni. A garin nan jam ba lafiya ba ce. Gosulo ne."

Sai duk suka dawo mata. Na cikin bas, matan masallaci da ta bi sahu-sahu bayan sallama tana tambayarsu ko akwai gosulo, da wani tsoho marar lafiya da ta tsare a lifta ta yi masa har sau uku don tausayi.

"Kuma kun sani?"

"Mun sani, Dada."

"To. Ina zuwa."

Ta sallami direba, ta fito cikin ruwan, ta ɗora daminta a ka a tsakiyar titi. Motoci a tsaye, amma mashina na ta kurɗawa tsakaninsu kamar ƙananan kifi. Ta tuna Jimeta lokacin da ake acaɓa. Ta bar maza suka wuce, da ta hango wata mai hijabi a ƙarƙashin hular kwano sai ta shiga gabanta ta tsaya. Matar ta ja birki. Dada ta nuna takarda, ta zana ciki, ta nuna damin. Matar ta dubi damin, ta dubi tsohuwar da ruwa ke zuba a jikinta, ta ciro wata hular daga kwandon gaba ta kifa mata a kan ɗankwali. Haka suka tafi, dami a tsakaninsu, rassa na marin madubin motocin mutane dama da hagu.

Ko da suka isa an riga an haihu. Wata nas ta tare ta a ƙofa ta ce ita ta shiga, dami ya tsaya. Dada Yelwa ta ce sati biyar ta yi tana nemansa, ba za ta bar shi a hannun wanda ba ta sani ba. Ta samu benci ta zauna ta rungume shi, ruwa na ɗiga a ƙasa. Sai ga Umair ya fito. Ya tsaya daga nesa ya durƙusa a tsakiyar hanya, mutane na kewaye shi suna kallo. Bakinta ya buɗe da abin da ya saba, ta ce "Jam," sai ta tsaya.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Jam, Dada. Na Yola. Mace ce, dukansu lafiya."

Ta rufe baki da gefen gyale, dariya ta ƙwace mata har da hawaye, shi ma ya kasa riƙewa. Ta miƙe ta nuna masa bencin. Malam guda mai babban karatu ya zauna ya rungume damin darbejiya, ita ta shiga ganin jika.

Da aka koma gida ta aro babbar tukunya a wurin wata tsohuwa 'yar ƙasar da suke ƙofa da ƙofa, ta ɗora a murhun lantarki. Ranar farko ihun Nahla ya fito da tsohuwar, ta ƙwanƙwasa, ta leƙa banɗaki, ta ga tururi da reshe, ta gyaɗa kai ta koma. Can sai ga ta da dutse mai zafi naɗe a tsumma, ta nuna yadda su suke danna wa mai jego a ciki. Ta kuma nuna da yatsu cewa nasu kwana arba'in da huɗu ne. Dada Yelwa ta ce tata ba za ta kasa ta kowa da kwana huɗu ba. Nahla ta ce ita dai ta shiga uku, tsofaffi biyu sun haɗa mata kai, ɗaya da reshe ɗaya da dutse. Aka ba tsohuwar kunun kanwa ta kurɓa, ta tambaya ko akwai sukari.

Duk bayan kwana uku Dada ta hau jirgi, ƙwaya tara, mai furanni ya riga ya ɗaure mata ƙananan dami biyu da za su shiga tarago. Ba ta tsallake wanka ko ɗaya ba. Ranar ƙarshe ta zubar da ruwan, ta danna bayan Nahla da gwiwoyinta ɗaya bayan ɗaya, ta ce to, sanyi ba shi da hanya. Nahla ta kamo hannunta ta juya shi, ta ga yadda ruwan zafi ya saɓule fatar yatsun. Dada ta bar mata hannun ta riƙe.

Yanzu tana gida, ɗanta na uku ne ke ban ruwa a lambu ita tana tsaye a kansa. Wannan watan kuma kullum tana Mbamba safe da yamma, wurin Lilian, surukar Malam Apollos, da ta haifi tagwaye. Da kanta ta je bakin Binuwai ta zaɓo dutse mai santsi. Yau kwanansu goma sha tara. Jiya mijin Lilian ya same ta a ƙofar gida ya roƙe ta a tsaya a arba'in kamar yadda aka saba, ta ce masa za ta duba.